Gatarin Aradu da Tambayar Yaro

 Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne yadda za mu koya wa ƙananan yara, a cikin gidajenmu, labarin daɗewar duniya, da yadda halittu suke sauyawa, da kuma rayuwar mutanen da suka gabaci zamanin rubutu. Mun lura akwai waɗanda da jin wannan batu suka ɗaure fuska. Muna roƙonsu su saurare mu har ƙarshe, domin ba mu zo da nufin rushe wa kowa abin da ya tashi a kansa ba.

Bari mu fara da wani ɗan dutse. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi a ƙauye sun san gatarin aradu, watau dutsen nan mai santsi, mai kaifi a baki ɗaya, wanda manomi kan ci karo da shi yana huɗa. Tsofaffi sukan ce tsawa ce ta jefo shi daga sama. Masu binciken kayan tarihi kuwa sun tabbatar da cewa hannun mutum ne ya sassaƙa shi, ya wasa shi a kan wani dutse, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi tun kafin kakanninmu su san narkar da tama. To, a ce ranar hutu ƙaninka ko 'yarka ta tsinto wannan dutse, ta kawo maka, ta ce, “Wa ya yi wannan? Yaushe?” Kai da aka ce ka je jami'a, me za ka ce mata?

Yawancinmu ɗayan abu biyu muke yi: ko mu daka wa yaro tsawa mu ce ya cika tambaya, ko mu ba shi amsar da mu kanmu mun san ba haka take ba. Wasunmu ba su da laifi ƙwarai, domin a sakandare an tsallake mana babin nan, malami ya ce mu haddace don jarrabawa, amma kada mu sa shi a zuciya. Haka muka fito da fuska biyu, ɗaya ta takarda, ɗaya ta gida. Yaron yau kuwa ba zai jira sakandare ba. Zai ga hoton dainoso a wayar mahaifiyarsa, zai ji wani a intanet yana yi wa iyayensa dariya da sunan kimiyya, zai kuma ji wani yana tsine wa kimiyya da sunan iyayensa. In bai taɓa jin maganar daga bakin wanda ya yarda da shi ba, ɗayan biyun nan zai bi, kuma kowanne ya bi mun yi hasara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawararmu guda ɗaya ce: mu fara daga abin da yaro zai iya gani ya taɓa, a tsakar gida da gona da ƙasar da yake takawa, mu nuna masa yadda aka yi aka sani, kada kuma mu yi masa ƙarya. Mun yi sa'a, domin babban kaso na shaidar da duniya take taƙama da ita a wannan fanni daga ƙasashenmu aka tono ta.

Abu na farko da ya kamata yaro ya fahimta shi ne tsawon zamani, gama in bai gane wannan ba, sauran duk zai zama masa tatsuniya. Masana sun auna shekarun duniya sun samu kimanin miliyan 4,540. Wannan lamba ba ta da ma'ana ga ɗan shekara bakwai, ko ga ubansa ma. Saboda haka a fita da shi fili, a shimfiɗa igiya mai tsawon taku 45 na babban mutum, kowane taku mita ɗaya, a ce masa kowane taku shekara miliyan 100 ne. Sai an yi wajen taku goma kafin a iske alamar rai ta farko, ita ma ta ƙananan halittu ce da ido ba ya gani. Dabbobi ba su yawaita a cikin teku ba sai da ya rage taku biyar da rabi. Dainoso sun bayyana saura taku biyu da 'yan kai, suka ƙare saura santimita 66. Mutane masu siffa irin tamu, waɗanda aka samu ƙasusuwansu mafi daɗewa a Maroko, masu shekara kamar 300,000, rabonsu a igiyar nan milimita uku ne, watau ƙwayar gero ɗaya. Daga Bagauda, wanda Tarihin Kano ya ce ya hau sarauta a 999, har zuwa yau, bai kai kaurin silin gashi ba. Yaron da ya taka wannan igiya da ƙafarsa ba zai manta ba.

Daga nan sai a gaya masa cewa ƙasar nan da yake gani ba haka take tun fil'azal ba. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ce ta malale inda Sakkwato take yau, ta miƙa arewa ta ratsa Sahara. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina kwancen ƙasan teku ne, kuma a ma'adinin Ashaka ta jihar Gwambe ana samun bawon wasu halittun ruwa masu naɗe kamar gammo, sun zama dutse. Buhun simintin da ke jingine a zaure ma ya isa buɗe hira. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an samu wani dainoso mai cin ciyawa da ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce, mai haƙora fiye da 500, wanda aka sa wa suna Nigersaurus a 1999. Duk wanda hanya ta kai shi Yamai da yara, ya shiga da su gidan tarihi na ƙasa su ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi da idonsu. Gani ya kori ji.

Idan aka matso kusa, zuwa zamanin mutane, labarin ya fi daɗi. Shekara dubu bakwai zuwa dubu goma da suka wuce, Sahara kore ce shar, da tafkuna da dorina da kada. Tafkin Cadi a lokacin ya zarce murabba'in kilomita 300,000. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun zana raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita biyar, a wurin da yau ba ya ganin ruwan sama sai jefi-jefi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin mita biyar. Da masanan Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Jamus suka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, mai shekara wajen 8,000, wanda ba a samu wanda ya girme shi ba a duk Afirka. A duwatsun Birnin Kudu kuma akwai zanen shanu marasa tozo. A tambayi yaro: ina tozon ya tafi? Daga nan zai gane cewa shanun da yake gani yau, masu tozo, baƙi ne da suka iso daga baya.

Sai kuma Nok, a kudancin jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓu a can. An ce wani daga cikin kawunan har mutum-mutumi aka yi da shi a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da aka yi tun daga 2005 ya nuna cewa mutanen Nok sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, suna cin zuma, daga baya kuma suka narkar da ƙarfe. A ba yaro yumɓu ya gina kan mutum, ya huda masa ido da tsinke kamar yadda suka yi, ya shanya. A ranar zai san cewa mutanen da ba su bar rubutu ba sun bar hikima.

Yaro mai wayo zai ce, “Yaya aka yi aka san shekarunsu?” Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daraja, kada a kashe ta. A kai shi bakin rijiyar da ake haƙa, ko gefen kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, ya ga yadda ƙasa take hawa-hawa, kowane da launinsa. Na ƙasa shi ya fara kwanciya, kamar yadda tabarmar da ke ƙasan tari ita aka fara ajiyewa. Wanda ya ɗan tasa kuma a bayyana masa cewa duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14, wanda yakan fara raguwa da zarar ya mutu, rabinsa yana ƙarewa a kowace shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage, sai a lissafa ranar mutuwa. Da haka aka san shekarun kwalekwalen Dufuna. Wannan awo ba ya wuce shekara 50,000, don haka duwatsun zamanin dainoso da wasu sinadarai masu jinkirin ƙarewa ake auna su, irin su yuraniyam.

Yanzu mu zo kan sauyawar halittu, inda mutane suka fi jin tsoro. Bahaushe ya riga ya san ginshiƙanta biyu, ya kuma sa su cikin karin magana. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, watau ɗa yana gadon iyaye. Ya kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, watau gadon ba ya cika cif, kullum akan sami ɗan bambanci. Ginshiƙi na uku shi ne zaɓe. Kowace kaka manomi yakan ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika ya rataye don iri. Kakanninmu na yankin Sahel sun yi haka shekara bisa shekara, har ciyawar daji mai ƙananan ƙwayoyi masu zubewa ta zama gero. An samu burbushin geron gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekara kamar 4,500. Shibrar da manomi yake cirewa a gona jinin geron dajin nan ne yake dawowa. A nuna wa yaro shibra da gero gefe da gefe. A kai shi kara ya ga Balami da Uda da 'Yankasa: duk tumaki ne, zaɓen makiyaya da yanayin ƙasa suka bambanta su.

Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859, wanda Alfred Wallace ma ya gano a lokaci guda, shi ne cewa ko babu manomi, fari da yunwa da cuta da maƙiya suna yin wannan zaɓe, kamar rariya mai tankaɗe. Wanda ya dace da wurin zamansa shi ya fi rayuwa ya haihu, 'ya'yansa su gaje shi, sannu a hankali jinsi ya sauya, in zamani ya yi tsawo har ya rabu biyu. Ga wasan da zai nuna haka: a watsa farin wake ashirin da jan wake ashirin a kan jar ƙasa, a ce yara su zama kaji, su tsince iyakar abin da za su iya kafin a ƙirga goma. Kowane waken da ya tsira a ƙara masa ɗaya mai launinsa, a sake. Kafin zagaye na huɗu za su ga ja ya rinjayi fari, ba tare da wani waken ya yi niyyar canza launi ba.

Kada wani ya ɗauka wannan hira ce ta masu ƙoshi. Iyayenmu sun sha kulorokwin sun warke daga zazzaɓin cizon sauro. Amma ƙwayoyin cutar da suka iya jure maganin su suka tsira suka yaɗu, har a 2005 Nijeriya ta sauya maganin da take fara bayarwa. Duk wanda ya sha rabin maganin da likita ya rubuta ya ajiye sauran, yana taya wannan tankaɗe aiki. Haka kuma ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon ciwon, watau AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin sauro yana ƙarami. Shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Yarinyar da ta fahimci wannan tun tana firamare ba za ta ce maita ce take kama ƙanenta ba, kuma ba sai an tilasta mata gwajin jini kafin aure ba.

Dangantakar halittu ma ana iya nuna ta a tsakar gida. Ranar da aka yanka rago, a ajiye ƙashin ƙafarsa ta gaba, a haɗa da fiffiken kaza, yaro ya shafa nasa hannu: ƙashi ɗaya a sama, biyu a tsakiya, ko da a rago sun manne da juna, sa'an nan ƙanana a ƙasa. Jemage ma haka, yatsunsa ne suka yi tsawo suka riƙe fata. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙashin wuya bakwai gare shi, daidai da akuya, daidai da mu. A duba saɓar ƙafar kaza da faratanta, a gaya wa yaro cewa masana sun gano tsuntsaye zuriyar wani reshe ne na dainoso. Ga kuma gaiwa, kifin da yake shaƙar iska, yake kwana cikin busasshen laka duk rani; danginsa na dā suna kusa da kifayen da dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito daga cikinsu, shekara miliyan 375 da suka wuce.

Ba makawa wata rana zai tambaya, “Wai mu daga biri muka fito?” A gaya masa gaskiyar abin da masana suka ce, domin ba su ce birin da ke ɓarna a gona kakan kowa ne ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai irin su cimfanzi sun haɗa kaka mai nisa, shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, kowane reshe ya kama hanyarsa. A 2001 wani ɗan Cadi cikin ayarin Michel Brunet ya tsinci ƙoƙon kai a hamadar Jurab, mai shekara wajen miliyan bakwai, aka sa masa suna Tumai, watau fatan rayuwa a harshen Goran. Har yau masana suna muhawara ko da ƙafa biyu yake tafiya. Wannan ma a gaya wa yaro, ya san cewa masu ilimi sukan yi gardama, kuma hujja ce take raba su.

Mun san abin da ke zukatanku: ina matsayin addini? Ba mu da hurumin yin fatawa, amma za mu faɗi abin da yake a fili. Cikin masu imani, Musulmi da Kirista, akwai waɗanda suke ganin sauyawar halittu hanya ce daga hanyoyin ikon Mahalicci. Akwai waɗanda suka karɓe ta ga tsirrai da dabbobi, suka keɓe halittar Annabi Adamu. Akwai kuma waɗanda suka ƙi ta. Kowane gida zai koyar da abin da ya yi imani da shi, wannan haƙƙin iyaye ne. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce wa yaro ƙasusuwan ƙarya ne, gama wata rana zai gan su, daga nan kuma zai fara shakkar duk abin da aka taɓa gaya masa. A ce masa: ga abin da aka tono, ga yadda masana suka fassara shi, ga kuma abin da muka yi imani da shi a gidan nan. Awo da tono suna iya faɗin yaushe da yaya, amma ba su da bakin faɗin dalilin zuwanmu duniya. Mu kuma tuna cewa duban halittu ba baƙon abu ne gare mu ba. Aljahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, yana lura da yadda dabbobi suke cin juna da yadda muhalli yake shafarsu, Ibn Khaldun kuma a 1377 ya yi magana kan jerin halittu daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi. Ba su faɗi abin da Darwin ya faɗa ba, amma ba su ji tsoron dubawa ba.

Kafin mu zauna, ga 'yar nasiha kan yadda za a bi da yaran. Ɗan shekara huɗu zuwa shida labari da wasa yake so, a bar shi da yumɓu da igiya da hotuna. Daga bakwai zuwa goma sai a shigo da wasan wake da tambayar yaya aka sani. A yi masa da Hausa, domin abin da ya shiga da harshen uwa ya fi zama. A sa 'yan mata a ciki daidai da maza, gama su ne za su amsa tambayoyin jikokinmu. In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce, “Mu nemo tare,” wannan ba ya rage girman uba. Matambayi ba ya ɓata.

'Yan'uwa, shekara da shekaru ana haƙe kawunan Nok a ɓoye ana sayar da su ƙasashen waje, kuma sau da yawa masu haƙar 'ya'yan yankin ne da ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suke sayarwa. Yawancin ayarin da suka tono Gadufawa da Jurab baƙi ne suka jagorance su. Makiyayi ne ya gano Dufuna, leburori ne suka gano Nok, amma rubutun wasu suka yi. Gobe waɗansunku za su zama jami'an ilimi, waɗansu na kwastan, waɗansu na kiwon lafiya, kusan dukanku kuma iyaye. Masanin da zai karanta mana tarihin ƙasarmu da bakinmu yana nan yanzu a wani tsakar gida, riƙe da ɗan dutse, yana jiran amsa. Idan aka tashi hutun nan muka koma gida, mu nemi gatarin aradu, mu zaunar da ƙannenmu, mu fara.